Kalangu a Ɗakin Gilashi: Littafin Aikin Ɗaukar Gangunan Kundina

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau muka shiga situdiyo, a Barnawa, cikin Kaduna. Waƙoƙi 8 ne a kundin, kuma na ɗaure wa kaina cewa babu wadda za ta fita da gangar fiyano. Shekara 11 ke nan ina waƙa, duk kiɗan da na taɓa hawa daga cikin fiyano ko kwamfuta ya fito: a danna maɓalli, kalangu ya kama zagayawa, bugun da ya yi a farko shi zai yi a ƙarshe. Ba raina shi nake yi ba, da shi na ci na sha. Sai dai ni a Tudun Wada na tashi, a gidan da rediyon mahaifina ba ya gusawa daga tashar Kaduna, kuma kalangun da ya cika mini kunne tun ina ƙarami mai ba da amsa ne. Mawaƙi ya faɗa, ganga ta maimaita, wani lokaci ma ta riga shi. Shi nake so in kama, kuma ina so a gama kafin watan azumi ya tsaya.

Mutum 3 ne za su yi kiɗan. Akwai Baba, makaɗin kalangu da ke zaune a Rigasa, wanda ya yi wa mahauta da 'yan dambe kiɗa tun ba a haife ni ba. Akwai ɗansa mai riƙe masa kuntuku. Sai wani matashi daga Sabon Tasha da ke kaɗa gangunan bature a cocinsu, irin waɗanda ake ce wa jaz. Kowa a situdiyon Mai Jaz yake kiransa, ni ma na bi.

Yau ranar Mai Jaz ce shi kaɗai, kuma ba mu ɗauki ko daƙiƙa ɗaya ba. Na zo da ɗokina, Injiniya, wato mai ɗaukar sauti a situdiyon, ya ce mini, "Oga, makirufo ba ya gyara ganga, abin da ya ji shi yake kawowa." Awa 5 aka yi ana canja fatu ana ɗaure su, noti bayan noti, a ɗaure wannan a tsallaka na daura da shi, don kada fatar ta ja gefe guda. Sai da la'asar ta wuce aka fara jera makirufo: AKG D112 a cikin babbar gangar ƙafa, Shure SM57 guda biyu a ƙaramar gangar tsakiya mai wayoyi a gindi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, Sennheiser MD 421 a kan sauran ganguna 3, AKG C414 guda biyu a rataye sama da kan makaɗi, sai ɗaya can a kusurwa yana sauraron ɗakin kansa. Layi 9 ke nan.

Talata, 7 ga Janairu

Da muka saurari gwajin farko jikina ya yi sanyi. A cikin ɗakin, in Mai Jaz ya sauke sanda a gangar tsakiya har ƙirjinka kake jin ta, amma a sifika sai ta fito kamar ana buga murfin tukunya. Injiniya bai damu ba. Ya danna wani maɓalli guda a layin makirufon ƙasa, nan take gangar ta cika.

Na sa ya yi mini bayani, don ba na son a riƙa yi mini aiki ina kallo kamar ana dabo. Ya ce idan sanda ta sauka, fatar sama tana guje wa makirufonta, ta ƙasa kuma tana matsowa wajen nata. Ɗaya na cewa an ja, ɗaya na cewa an tura, in ka haɗa su sai su cinye juna. Maɓallin yana juya ɗaya ne kawai su koma baki ɗaya.

Saura makirufo biyun da ke rataye a sama. Sauti yana cin wajen mita 343 a daƙiƙa, wato kimanin santimita 34 a kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. In makirufon hagu ya fi na dama kusa da gangar, bugu ɗaya zai iso su a lokaci biyu, ya ɓata kansa. Ba a ga abin awo a situdiyon ba, sai na fita wajen telan da ke maƙwabtaka da mu na aro tef ɗinsa. Hagu santimita 112, dama 127. Aka mai da su duka 120 daga tsakiyar fatar. Tazarar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, amma kunne ya shaida.

Alhamis, 9 ga Janairu

Waƙa 2 sun shiga, su ne masu kiɗan zamani zalla. Mai Jaz ya sa hedifon, aka kunna masa kilik, wato ƙarar nan mai ƙirga lokaci, ya bi ta tamkar tare aka haife su. Ɗauka 4 a ta farko, 3 a ta biyu.

Ana tsakiyar ta biyun wuta ta ɗauke. Aka tayar da janareta, sai wani gunji ya shiga layukan, ƙasa-ƙasa, irin wanda ba ka lura da shi sai an yi shiru. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 ne a daƙiƙa, kuma in ta sami kafa a waya wannan kaɗawar ce take zama ƙara. Ga ƙugin injin kuma yana biyo ƙasa har cikin makirufon kusurwa. Muka kashe janareta da na'urar sanyaya ɗaki da firji, muka koma kan batura. Albarkacin hunturu, babu wanda ya yi gumi. Daga yau doka ce: in za a ɗauka, batura kawai.

Asabar, 11 ga Janairu

Ranar Baba. Mai Jaz ba ya nan, Asabar ranar atisayen mawaƙan cocinsu ce.

Da hantsi Baba da ɗansa suka iso a keke, kalangai 2 a naɗe cikin tsohon zane, babba da ƙarami. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya gaisa da Injiniya, sannan ya tsaya yana kallon soson da aka manna a bango. Ya tafa hannu sau ɗaya, ya saurara, ya ce, "Ɗakin nan ba ya mayar da magana." Injiniya ya yi murmushi, don shi ma haka yake gwada ɗaki. Aka ɗage darduma daga rabin ɗakin, aka bar masa siminti.

Bai taɓa gula ba sai da ya ɗauki lokaci yana shafa fatar da tafin hannu, ya ɗan jiƙa yatsu ya sake shafawa. Ya ce hunturu yana busar da fata, muryar ganga ta haye sama ta yi tsauri, in ka matsa mata sai ta tsage. Da damina kuma akasin haka, sai an shanya ta ko an kanga ta a wuta kafin ta yi magana. Injiniya ya sa makirufo ɗaya a gaban fatar da ake bugawa, tazarar kamu ɗaya, ɗaya kuma a baya wajen ɗaya fatar, don kalangu baki biyu gare shi kuma kowanne da abin da yake faɗa. Kuntuku aka ba shi SM57.

Matsala ta fara daga hedifon. Baba ya buga sau 3 ya tsaya, ya ce, "Wa ke kwaikwayona a cikin abin nan?" Ashe an bar kwamfutar a kan saitin haɗa sauti, inda take tara ɗigo 1,024, wato 'yan gutsattsarin sauti, kafin ta saki, kuma a ɗigo 48,000 cikin daƙiƙa wannan jinkirin ya haura kashi 21 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ni ban ji komai ba, hannun Baba ya ji. Aka rage zuwa 64, mai kwaikwayon ya ɓace.

Sai aka kunna kilik. Tsarin da Injiniya ya saba da shi, wanda ni ma na amince da shi tun farko, shi ne a fara ɗaukar ganga a kan kilik, daga baya a ɗora sauran kayan kiɗa, murya ta zo ƙarshe. Baba ya bi ƙarar kamar minti ɗaya, kuma bai kauce ba, gaskiya sai a faɗe ta. Amma abin da ke fitowa ba kiɗansa ba ne, kalangun fiyano ne da hannun mutum. Ya cire hedifon ya ajiye a gwiwa.

"Ɗana, wannan agogon me yake cewa?"

"Baba, lokaci yake riƙe mana."

"To ni magana nake kaɗawa. Ina maganar? Ka rera in ji abin da za ka faɗa, sai in san inda zan matse, in san inda zan saki."

Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa muryar za ta zo daga baya. Ya girgiza kai, ya ce bai taɓa amsa sallamar da ba a yi ba. Muka tashi da azahar ba mu ɗauki komai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin wunin na riga na biya, kuma kuɗin nan na tara su ne daga wasannin biki na shekara guda.

Lahadi, 12 ga Janairu

Ban fita ba. Na wuni ina sauraron tsofaffin kiɗe-kiɗen da ke wayata, irin waɗanda gidan Rediyon Kaduna ya yi ta watsawa tun bayan buɗe shi a 1962. Abin da na daɗe ina ji ban lura ba shi ne duk a zama ɗaya ake yin su, mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi suna kallon juna.

Baba ne ke da gaskiya, kuma dalilin a cikin harshenmu yake. Hausa tana da hawa da sauka. Kalma ɗaya in ka canja mata karin sauti ta zama wata. Kalangu kuwa an yi shi ne don ya bi wannan hawa da saukar. Makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗame, murya ta hau. Ya saki, ta sauko. To mutumin da aikinsa ke nan, ka rufe shi a ɗaki ba ya jin kalma ko ɗaya, ka ce ya yi kiɗa, me ka bar masa? Na kira Injiniya bayan isha'i na ce a rushe tsarin.

Talata, 14 ga Janairu

Sabon zama. Ni ina cikin ɗan ɗakin murya, gilashi tsakanina da su, Baba yana fuskantata kai tsaye yadda zai ga bakina. Ɗansa a damansa. Mai Jaz a ɗaya ƙarshen ɗakin, an kange shi da allunan soso, aka ƙara da katifa 2 da barguna. Babu kilik. Baba ne agogo, kowa shi zai bi. Ya yarda da hedifon a kunne ɗaya tunda yanzu muryata ce a ciki.

Injiniya ya faɗa mini farashin wannan hanyar ba tare da ɓoyewa ba. Duk kangewar da aka yi, fayafayan ƙarfen Mai Jaz za su leƙa makirufon kalangu, kalangu ma zai leƙa nasa. Tunda kuma babu kilik, ba za a iya yanko baiti daga wannan ɗauka a liƙa a waccan cikin sauƙi ba. Wanda ya yi kuskure, kowa ya koma farko. Na ce na ji na gani.

Ɗauka 6 na farko ba su yi ba. Mai Jaz ya saba shi ne jagora a coci, sai ya riƙa jan Baba, Baba kuma ba ya jawuwa. A ta huɗu ni na manta baiti. Muka tsaya muka yi la'asar, aka sayo ƙosai da kunu, Baba ya kira Mai Jaz gefe ya ce, "Yaro, kada ka saurare ni, ni yawo nake yi. Kuntuku za ka saurara, shi ne ba ya barin gida." Wannan magana ita ta warware komai. Kuntuku murya ɗaya gare shi, ba ya hawa ba ya sauka, shi ke riƙe da zaren kiɗan yayin da babban kalangu ke zance.

Ɗauka ta 7. Waƙar da na yi wa mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta. Akwai wurin da nake kiran sunan unguwar da aka haife ta in yi shiru. A fiyano wurin nan fanko ne, kiɗa kawai ke wucewa. Yau da na yi shirun, Baba ya matse tsarkiya ya maimaita kalmar da ganga, hawanta da saukarta, har jan wasalin ƙarshe. Ban roƙe shi ba, ba mu taɓa gwadawa ba. Sai da na runtse ido kafin na iya shiga baiti na gaba. Da aka gama babu wanda ya yi magana, Injiniya ya ɗaga mini babban yatsa ta gilashi.

Daga baya ya auna: mun fara a bugu 104 a minti, mun ƙare a 110. Ya tambaya ko ya gyara. Na ce a bar shi, waƙar ce ta yi zafi.

Alhamis, 16 ga Janairu

Waƙa 2 sun ƙaru, sun zama 5. Yanzu da kowa ya san gurbinsa aikin yana gudu.

Gardamar yau a kan kukan tsarkiya ce. Duk sanda Baba ya matse, igiyoyin suna yin wata 'yar ƙara, kuma makirufon baya yana kwashe ta tas. Injiniya yana ganin datti ne, yana da manhajar da za ta share shi. Ni kuwa ina ganin numfashin gangar ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗi a filin dambe ya san ƙarar nan. Ban ce ra'ayinsa banza ba ne, don a wurare biyu ƙarar ta faɗo daidai kan kalma ta rufe ta. Muka tsaya a kan a rage ta a wuraren nan biyu, a bar sauran. An kuma matsar da makirufon baya ya daina kallon hammata.

Wani abu da ban zata ba: Baba ba ya zama wuri ɗaya. In kiɗa ya yi daɗi sai ya juya kafaɗa, fatar ta kauce wa makirufo, sauti ya dushe. Ba mu ce masa ya daina ba. Injiniya ya ja makirufon gaba baya kaɗan ya faɗaɗa masa fili.

Litinin, 20 ga Janairu

Fatar babban kalangu ta fashe, ana tsakiyar waƙa ta 6, a ɗaukar da ta fi kowace kyau. Tun safe iska take busawa da ƙura, ko ƙarshen layinmu ba a gani sosai. Baba ya duba tsagar ya ce, "Ta yi shekarunta." Ƙaramin kalangun ba zai iya ɗaukar waƙar ba, muryarsa ta yi sama da yawa. Sai an nemo fatar akuya mai laushi, a jiƙa, a ɗaura a kango, a bar ta ta bushe da kanta. Ya ce in ba shi mako guda. Kuma tunda sabuwar fata da sabuwar murya take zuwa, rabin da muka ɗauka ya tashi a banza, ba za a iya haɗa shi da na gaba ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ba mu zauna jira ba. Ɗan Baba ya zo shi kaɗai ya ɗora kuntuku a kan waƙoƙi biyun farko. Shi kilik bai dame shi ba ko kaɗan, a waya ya tashi, ɗauka ɗaya ɗaya ya gama.

Sauran daren muka yi da Mai Jaz muna sauraron abin da aka tara. Shi da kansa ya gano cewa duk inda ya zagaya kan gangunansa 3 na gefe, suna faɗawa ne daidai inda muryar kalangu take, sai zancen Baba ya cuɗe. Ya ce a sauran waƙoƙin zai bar su gaba ɗaya, ya tsaya a gangar ƙafa da ta tsakiya da faifai. Na san abin da wannan ke nufi ga makaɗi matashi mai hannu, don a zagayen nan ne ake nuna gwaninta. Ban roƙe shi ba, shi ya kawo. Na yaba masa a gaban kowa.

An kwafe komai a faifan ajiya 2, ɗaya yana situdiyo, ɗaya yana gidana. Layi 13 ne in kowa yana ciki, kowane layi yana cin wajen megabait 8.6 a minti, wato sama da megabait 110 duk minti ɗaya na kiɗa. Ban yarda a goge ko ɗauka ɗaya ba, har waɗanda suka lalace.

Talata, 28 ga Janairu

Baba ya dawo. Sabuwar fatar ta fi tsohuwar haske, ba ta kai ta zurfi ba tukuna. Ya ce sai ta sha gula za ta nuna. Da daddare muka yi aikin, bayan isha'i, lokacin da kekuna suka ragu a titi kuma lasifikokin unguwa suka yi shiru, don makirufon kusurwa ba ya barin komai ya wuce. Ta 6 ta shiga a ɗauka ta 3, ta 7 a ta 5. Ƙarfe ɗaya saura muka tashi, na sa aka kai su Rigasa a mota.

Ta 6 ɗin ba ta kai wadda fata ta fashe a cikinta ba. Na saurari rabin nan sau da yawa, akwai wani sassauci a hannun Baba ranar da bai dawo ba. Amma wannan cikakkiya ce, kuma ita za ta fita.

Juma'a, 31 ga Janairu

Bayan an sauko daga masallaci muka ɗauki ta ƙarshe, kalangu da kuntuku da muryata kawai, Mai Jaz yana zaune a bayan Injiniya yana kallo. Ɗauka 2. Gangunan kundin sun cika.

Abin da ya rage: jita mai kauri da garaya daga Litinin, 3 ga Fabrairu, sai 'yan amshi, sai haɗa sauti. Maganar murya kuma ta canja. Da niyyar in sake rera komai a tsanake na zo, amma a waƙar mahaifiyata muryar gwajin nan za a bari yadda take, don ita Baba ya amsa, in na sake ta ganga za ta koma amsa maganar da ba a yi ba. Sauran zan gwada in gani.

Kafin su tafi na roƙi Baba ya shigo ɗakin Injiniya ya zauna a kujerar tsakiya, tsakanin sifikoki biyu. Aka sa masa ɗauka ta 7 ta ranar Talata, 14 ga Janairu. Ya saurara kansa a sunkuye, yatsunsa suna motsi a gwiwa. Da aka zo wurin sunan unguwar ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifiyarka." Na ce amin. Sai ya laluba aljihu ya ciro ƙaramar wayarsa, ya buɗe bayanta, ya zare memori ya miƙa wa Injiniya.

"Malam, zuba mini wannan. Shekara 50 ina kiɗa, ban taɓa jin kaina daga gaba ba."

Injiniya ya zuba masa duka 6 da ya kaɗa. Na mayar wa tela tef ɗinsa a hanyar fita.